Koren da Babana Bai Shafa Ba

Maigidana ya zo Kuala Lumpur neman digiri na uku ne, ni kuma na biyo shi da yara biyu da garin kuka a jaka. A shekararmu ta biyu a Taman Melati ya kamu da wani ciwo da ban taɓa jin Bahaushe ya yi irinsa ba: ya fara wasa da ƙananan jiragen ƙasa na roba. In na ce wasa sai ya ɓata rai, ya ce sunan abin adana tarihi. Ni dai abin da idona ya gani shi ne magidanci da gemunsa, har furfura ta fara leƙowa, ya durƙusa a falo yana lallashin wani abu da bai fi masara guda tsawo ba.

A Sentul ya kwaso ciwon. Unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ce a da, yanzu dogayen benaye sun cinye ta. A saman wani shagon mamak, inda ake sayar da shayi da roti, akwai ɗaki mai faɗi da wasu dattawa ke taruwa duk Asabar. Sun gina gari guda na kwali a kan tebur, da duwatsunsa da gadojinsa da shanu 'yan mitsi-mitsi, jiragensu na zagayawa, su kuma suna bin su da ido kamar masu jiran amarya. Shugabansu wani tsoho ne ɗan asalin Sin, likitan haƙori da ya yi ritaya. Bai rabu da gilashin da yake leƙa bakin mutane da shi ba, yana nan ɗaure a goshinsa, kuma duk jirgin da aka miƙa masa sai ya samo ruɓaɓɓen haƙori a jikinsa.

Dokar ɗakin ɗaya ce. Babu jirgin da zai hau tebur sai launin fentinsa da tsayin haruffansa da inda lambarsa ta zauna sun yi daidai da na ainihin jirgin a zamaninsa, kuma sai an kawo hujja. Maigidana ya ba ni labarin wani bawan Allah da ya yi wata shida yana aiki, aka mayar masa da kayansa saboda jan da ya shafa ya girmi lambar da ya rubuta. Yana ba ni labarin yana jinjina kai don girmamawa. Ni kuwa tausayin matar mutumin na ji.

Da ya duba teburin ya ga jiragen Ingila da na Japan da na Malesiya, babu na ƙasarmu ko ɗaya, sai kishin ƙasa ya motsa. Ya ɗauki alkawari a gaban dattawan nan cewa zai kawo kan jirgin nan kore mai rubutun rawaya da ke jan taragu daga Zariya, kuma zai shiga baje kolin da suke yi a ƙarshen shekara. Wannan fa mutumin da garinsu ko layin dogo babu, jirgin ƙasa na farko da ya taɓa shiga shi ne na Taman Melati zuwa cikin gari.

Ya samo gangar jikin wani jirgi mai kama da namu, ya kankare ta. Teburin cin abinci ya zama nasa, da hantsaki da rula da buroshi mai siririn baki. Muka koma ci a tabarma, wannan bai dame ni ba, a kanta na tashi. Kundin digirin yana can gefe yana jiran ranarsa.

Sai aka zo kan kore, a nan gizo ya yi saƙa. Tsofaffin hotunan da ya samu yawancinsu baƙi da fari ne, masu launin kuma kowanne da irin korensa. Ya rubuta wa gidajen tarihi na Ingila. Ya samo wani tsohon Bature a intanet da ya taɓa zuwa ƙasarmu yana saurayi, suka yi ta aike-aike. 'Yan gwangwanayen fenti suka jeru a bakin tagarmu kamar na mai sayar da turare. Ya kan shafa kowanne a jikin kwali ya kira ni daga kicin, ya ce in duba wanne ya fi kusa. Ba amsata yake so ba, so yake a tsaya a kansa yana tunani.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Babana ne ya shafa wa jiragen nan fenti, kusan shekara talatin, a lokon Zariya inda ake gyaran kawunan jirgi. A kwatas ɗin reluwe aka haife ni. A lokacin yana nan da ransa da hankalinsa, da waya a aljihunsa. Maigidana ya san haka sarai.

Abu biyu suka hana shi tambaya. Na farko kunyar suruki. Tun da aka ɗaura mana aure maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Shi ya cire takalmi ya durƙusa ya sunkuyar da kai, babana ya kau da fuska yana amsawa, a yi addu'a a tashi. Wannan ban ga laifinsa ba, tarbiyya ce. Na biyun ne yake ci mini rai. In 'yan uwansa ɗalibai suka zo gidanmu aka taɓo zancen gida, sai ya ce, “Surukina ai a reluwe ya yi aiki, technical side,” ya yi shiru ya bar su su ɗauka injiniya ne. Sau biyu ina jin haka daga kicin. Na haɗiye, amma bai wuce maƙogwarona ba.

Wata ranar Lahadi da ya sake kirana kan kwalayensa, na goge hannuna na zauna, na ce bari in gaya masa yadda ake yin koren nan, don na sha kai wa babana abincin rana ina gani. Fentin da ake ba su daga sito ba ya isa, kuma ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba. Sai babana ya juye abin da ya samu a rabin duro, ya ƙara ragowar shuɗi ko rawaya, ya ɗiga baƙi, ya tsinka da kananzir, ya yi ta juyawa da sanda. In ya ga ya kusa, sai ya fita bakin loko inda wata darbejiya take, ya tsinko ganye. Ya ɗiga fentin a farcen babban yatsansa, ya kara ganyen a gefe, ya fita rana ya duba. In sun yi daidai, to an gama. Shi ya sa jirgin da aka shafa da damina ya fi duhu, na bazara ya fi haske, don ganyen ma haka yake.

Haruffan kuwa, babana bai yi boko ba. Da siffarsu ya san su: mai ƙafa biyu, mai ciki, mai buɗaɗɗen baki. A kwalin sabulu yake yanke su, ya manna a jikin jirgi ya bi da buroshi. Tsayinsu taƙi biyu na hannunsa, kaurinsu yatsu uku. In kwalin ya jiƙe ya lalace sai ya yanki sabo da ka, don haka suna ta ƙara ƙiba shekara bayan shekara.

Maigidana ya saurare ni har ƙarshe da irin murmushin da yake wa yaranmu in suna ba shi labarin mafarki.

“To, wannan ai oral tradition ne,” in ji shi. “Ina reference ɗin?”

“Yana Zariya, yana shan rana a ƙofar gida. Ga lambarsa.”

“Ki gane mana. Hukuma guda ba za ta auna fenti da ganye ba. Dole akwai standard, yara ne ku a lokacin, ba ku sani ba.”

Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba. Ba don ya ƙaryata ni ba, ai miji da mata kullum cikin haka suke. Don na gane cewa a wurinsa shekarun babana talatin ba su kai nauyin “wataƙila” guda ta tsohon Baturen nan ba. A kan wannan “wataƙila” ɗin ya tsaya. Ya zaɓi wani kore mai sheƙi, ya fesa shi sumul. Haruffan ya sa kwamfuta ta buga masa, sirara, miƙaƙƙu, kowanne ya auna da rula sau uku.

Ranar da za a tantance jiragen baje koli an ce kowa ya zo da iyalinsa. Na bi shi, da niyyar in yi tapau ɗin roti a shagon ƙasa, wato in saya a ƙunshe mini mu tafi da shi gida, in huta da girki. Shugaban ya sauke gilashinsa kan ido, ya juya jirgin maigidana sama da ƙasa, ya daɗe yana ƙugi a hanci. Sannan ya ajiye shi, ya ce aikin hannu ya yi kyau, amma ina hujjar koren? Maigidana ya miƙa takardar Baturen. Tsohon ya karanta, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya.

“Wataƙila ba hujja ba ce, lah. Wannan ba zai shiga ba.”

Na ga gumi ya keto wa maigidana a wuya duk da sanyin na'ura. Ba tausayi ne ya buɗe mini baki ba, in faɗi gaskiya. Abin da na haɗiye ne ya dawo. Na ce da Turancina na sakandare, yadda kowa zai ji, “Babana ne yake shafa wa waɗannan jiragen fenti. Lebura ne, mai buroshi.”

Duk dattawan suka juyo suna kallona. Shugaban ya ɗage gilashin daga idonsa.

“Da hannunsa? Yana raye?”

Na ce yana raye. Tsohon ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna mini, sannan ya juya kan maigidana ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa samun wanda ya riƙe buroshin da kansa ba, kullum daga takarda sai hoto, maigidana kuma yana da irin wannan mutum a gida ya tafi yana damun Turawa? Ya ce a kira shi a waya mai hoto, a nuna masa. In ya ce daidai ne, boleh, ba matsala, jirgi ya shiga.

Abin da ya faru da fuskar maigidana a wannan minti ɗaya ya isa a rubuta masa kundi na daban. Ƙirji ya fito. “Eh, surukina ne,” yana faɗa yana waige-waige, “almost thirty years, shi ne main painter ɗin.” Leburan da ake ɓoyewa a bayan technical side ya zama abin ado, don wani baƙo ya rusuna masa.

Duk da haka na koma gida da farin ciki. Na ce a raina yau gaskiya za ta yi halinta, babana zai ba shi labarin darbejiya da bakinsa, ya ji a jikinsa. Na manta kunyar suruki ba ta gefe ɗaya ba ce.

Washegari bayan la'asar, can gida hantsi ne, maigidana ya yi wanka ya sa kaftani da hula. Ya jingina wayar a kan kujera, ya durƙusa a gabanta a kan tayil. Ƙanwata ce ta riƙe wa babana tasa wayar. Aka yi gaisuwa, gajiya da iyali da karatu da ruwan sama, kowa na kallon gefe. Da aka rasa abin da za a ƙara gaisarwa, maigidana ya ɗago jirgin da hannu biyu kamar mai miƙa jariri ranar suna.

Babana ya matso da fuskarsa har ido ɗaya da gefen hula kawai muke gani. Ya yi shiru. Na san wannan shirun, shi yake yi in gishiri ya zarce a miya.

“Masha Allah,” in ji shi. “Malam, kai ka yi wannan da hannunka?”

“Ni ne, Baba. Ko koren ya yi daidai da naku?”

“Ai babu abin da ya rage. Allah ya yi albarka.”

“Rubutun fa, Baba?”

“Ya ma fi namu.”

Na kasa daurewa, na leƙo ta bayan kafaɗar maigidana na ce, “Baba, ganyen darbejiyar nan fa da kake aunawa da shi?”

“Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, “bar tone-tone. Wannan aikin masu ilimi ne.”

Maigidana ya naɗi komai a waya. Da aka kashe ya yi mini kallon wanda ya ci gardama.

Kashegari da yamma, yana makaranta, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, ta ce Baba na son magana. Ya fara da tambayar ko mijina yana kusa. Na ce ya fita.

“To uwata, wannan jirgin na jiya, na wace ƙasa ne?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce da ya taɓa fito da jirgi da wannan koren na kwalbar lemo, da a ranar ogansu zai sallame shi. Ya ce nasu kore ne mai nauyi, wanda in rana ta doke shi ba ya kashe ido. Haruffan kuma, in ji shi, yunwa suke ji, ko ba a ba su abinci a can ƙasar?

Ni ban yi dariya ba. Na ce, “To Baba, me ya sa ba ka gaya masa ba? Kai kaɗai ka sani a duniya.”

“Haba uwata. Surukina ya durƙusa a gabana da abu a hannu, ya sha wahala a kansa, in ce masa ya ɓata? Da wane bakin?”

Na ce to ni zan gaya masa. Muryarsa ta sauya.

“Kada ki yi. Na roƙe ki. Shekara talatin ina shafa fentin nan, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ko ya yi daidai. Shi ne na farko. Ki bar mini abina.”

Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Na ji haushin maigidana, na ji haushin babana, na kuma rasa wanda zan kai ƙara. Abin da nake nema tun farko shi ne a san babana ne ya yi aikin nan, a kuma san yadda ya yi shi. An ba ni rabi, an ce in na nemi ɗaya rabin zan rasa wanda ke hannuna.

An yi baje kolin a wani zauren taro a Sentul, ranar Asabar da rana. Jirgin maigidana yana cikin akwatin gilashi a tsakiya, wuri mafi kyau. A gefensa an kafa kati da Turanci da Malayanci: wanda ya shafa wa ainihin jiragen fenti da hannunsa ya tabbatar da launi da haruffa. Sama da rubutun ga hoton babana, wanda aka ɗauka ranar aurenmu, cikin babbar rigar da ya aro. Maigidana na tsaye a gefe yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa sun yi cross-checking da primary source. Na ga dattawa biyu suna kwafar lambar gwangwanin fentin a 'yan littattafansu, wai su ma za su yi taragun ƙasarmu, tunda yanzu an san koren gaskiya.

Can sai ga shugaban ya nufo ni da biro a hannu. Ya ce shi a tsarinsa ya fi son shaidu biyu. Tunda a gindin jiragen nan na girma, wannan shi ne koren da nake tunawa?

Na kalli maigidana. Babu tsoro a fuskarsa ko kaɗan, murmushi yake mini, don har ga Allah ya yarda ya yi daidai. Na kalli akwatin. Wata tsohuwa Ba'indiya ta sunkuya tana karanta katin, ta janyo mijinta tana nuna masa hoton, ta ce shi ma mahaifinta a gyaran jirgi ya ƙare rayuwarsa a nan Sentul, ko hotonsa ba su da shi. Mutane suna layi suna sunkuyawa a gaban babana, abin da ba a taɓa yi masa ba a Zariya.

Na ce, “Shi ne.”

Tsohon ya buɗe akwatin, ya ciro katin, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da kyakkyawan rubutunsa: 'yarsa ma ta tabbatar. Ya mayar ya kulle. Na yi ƙarya a kan abu ɗaya tak da na sani fiye da duk wanda ke cikin zauren, kuma na san daga ranar ba mai sake tambaya, don an riga an rubuta.

A jirgin komawa Taman Melati maigidana ya matso kusa da ni, ya ce ya gode da na tsaya masa, ya kuma ce in Allah ya kai mu gida shi da kansa zai kai wa Baba kwafin katin a sa a bango. Na ce Allah ya kai mu. Na juya ina kallon taga don kada yara su ga idona.